Sharaɗin hikima a haƙƙin ƙirƙirar gam ɗin efoksi

Sharaɗin hikima ɗaya ne daga cikin sharuɗɗa uku da doka ta gindaya kafin a ba mutum haƙƙin mallakar abin da ya ƙirƙira. Ma'anarsa ita ce kada abin ya kasance wanda duk ma'abocin sana'ar zai iya kaiwa gare shi cikin sauƙi daga ilimin da ya riga ya shiga hannun jama'a. Idan abin a fili yake ga masu sana'a, ko da ba a taɓa yin irinsa sak ba, bai cancanci haƙƙi ba, in kuma an riga an bayar kotu na iya soke shi. Sauran sharuɗɗan biyu su ne abin ya zama sabo, kuma ya yiwu a yi amfani da shi a masana'antu.

Gam ɗin efoksi na cikin fannonin da wannan sharaɗi ya fi wuyar aunawa. Dalili kuwa shi ne kusan duk sinadaran da ake haɗa shi da su sanannu ne tun shekaru da dama. Abin da mai nema yakan zo da shi sabon haɗi ne, ko sabon gwargwado na tsofaffin kaya. Saboda haka gardamar takan tsaya a kan tambaya guda: shin haɗin ya ba da wani sakamako da masani ba zai yi tsammani ba, kuma akwai gwajin da ya nuna hakan? A Najeriya, inda ofishin rajista ba ya yin wannan tambaya kafin ya ba da takarda, kotu ce kaɗai ke amsa ta.

Gam ɗin da kayan haɗinsa

Efoksi rezin ne mai ɗauke da wani ƙaramin zobe na ƙwayoyin zarra uku, kabon biyu da oksijin ɗaya. Zoben a takure yake, don haka yana saurin buɗewa ya sarƙe da wani sinadari. Idan aka kwaɓa rezin ɗin da sinadarin daskararwa sai su yi saƙa mai ƙarfi wadda zafi ba ya sake narkar da ita. Irin da aka fi amfani da shi ana yin sa ne daga bisfinol A da efikulorohaidirin. Pierre Castan a Suwizalan da Sylvan Greenlee a Amurka ne aka fi dangantawa da samar da shi, a shekarun 1930 da 1940, kuma kamfanin Ciba ya fito da gam mai suna Araldite a 1946.

A Arewacin Najeriya an fi sanin sa a matsayin gam mai bututu biyu, wanda ake matso kowanne daidai wa daida a kwaɓa kafin a shafa. Makanikai na toshe lagireto da tankin mai da shi, kafintoci da masu gyaran kayan lantarki ma suna aiki da shi. A manyan masana'antu kuwa da shi ake manne sassan jikin mota da na jirgin sama.

Haɗin da ake nema wa haƙƙi yawanci yana da rezin, da sinadarin daskararwa irin su dangin amin ko anhaidiraid, da mai hanzarta daskarewa, da ciko kamar garin alli, silika ko farar ƙasa, da kuma roba da ake sa wa don rage gautsi. Wani lokaci akan ƙara sinadarin silen domin gam ɗin ya kama ƙarfe ko gilashi sosai. A tsarin rarraba takardun ƙirƙira na duniya, gam mai tushen efoksi yana ƙarƙashin lamba C09J 163, kuma takardun da ke wannan rukuni suna da yawan gaske. Kowace daga cikinsu hujja ce da za a iya kafawa a kan mai nema na gaba.

Abin da ake aunawa shi ne da'awa, wato jimlolin da ke ƙarshen takardar nema waɗanda suke shata iyakar abin da mai ƙirƙira yake cewa nasa ne. Da'awa kan gam takan zo da siga kamar haka: gam mai ƙunshe da rezin iri kaza kashi 30 zuwa 60 cikin ɗari, roba kashi 5 zuwa 20, da ciko iri kaza. Gwangwanin gam da mai shi ya ajiye a ɗakin gwaji yana iya zama abin mamaki, amma in da'awar ta yi faɗin da ta haɗa da wasu haɗe-haɗen da kowa ya sani, faɗin ne zai kayar da ita.

Bambancinsa da sharaɗin sabunta

Ana yawan cakuɗa su, alhali hanyar auna su daban ce. Wajen sabunta, sai an samu takarda ɗaya ko aiki ɗaya da ya ƙunshi duk abin da ke cikin da'awar kafin a ce abin ba sabo ba ne. Wajen hikima kuwa an yarda a haɗa takardu biyu ko fiye, muddin akwai dalilin da zai sa masani ya haɗa su. Takarda ta farko tana iya kawo rezin da roba, ta biyu ta kawo irin cikon, sai a tambaya ko mai sana'a zai ɗauki na nan ya zuba a na can yana sa ran nasara.

Dokar Najeriya

Tsakanin 1925 da 1970 Najeriya ba ta ba da haƙƙin ƙirƙira na kanta. Wata dokar zamanin mulkin mallaka ta 1925 ta tanadi cewa wanda ya samu haƙƙi a Birtaniya ya zo ya yi rajistarsa a nan. Dokar Haƙƙin Ƙirƙira da Zane-zane ta 1970, wadda ta fara aiki a 1971 kuma take cikin kundin dokokin tarayya na 2004 a babi na P2, ita ce ta kawo tsarin da ake bi har yanzu.

Sashe na 1 na dokar ya ce ana ɗaukar abu a matsayin wanda ya fito daga aikin hikima idan bai biyo a fili daga ilimin da ake da shi ba, ko ta fuskar hanyar yin sa, ko yadda aka yi amfani da shi, ko haɗa hanyoyi, ko kayan da aka samar, ko sakamakon da yake bayarwa a masana'anta. Wannan gaɓa ta ƙarshe tana da muhimmanci ga mai haɗa gam, domin ita ce ƙofar da zai bi ya ce kayan haɗinsa sanannu ne amma sakamakon ba sananne ba ne. Sashen ya kuma yarda da haƙƙi a kan kyautata wata ƙirƙira da aka riga aka yi wa rajista, da sharaɗin kyautatawar ita ma ta cika sharuɗɗan uku.

Dokar ta faɗaɗa ma'anar ilimin da ake da shi matuƙa. Ya haɗa da duk abin da aka bayyana wa jama'a a ko'ina a duniya, a kowane lokaci kafin ranar shigar da takarda, a rubuce ne, da baki ne, ko ta hanyar amfani da shi. Rangwamen da ta yi kaɗan ne: nuna abin a wani baje koli na ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi, cikin watanni 6 kafin nema. Ke nan kundin digiri da aka ajiye a laburare, da maƙalar da aka gabatar a taro, duk suna iya zama hujja a kan mai su.

Ana shigar da takarda a ofishin rajistar alamun kasuwanci da haƙƙin ƙirƙira da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja. Sashe na 4 ya umarci magatakarda ya duba cikar takardu da biyan kuɗi da kuma cewa ƙirƙira ɗaya ake nema wa haƙƙi, sannan ya ba da haƙƙin ba tare da ya binciki ko abin sabo ne ko akwai hikima a cikinsa ba. Dokar ta faɗa ƙarara cewa ana ba da haƙƙin ne bisa kasadar mai shi, babu lamunin ingancinsa. Haƙƙin yana ɗaukar shekara 20 daga ranar nema idan ana biyan kuɗin shekara-shekara.

Sashe na 9 ya ba kowa damar neman kotu ta soke haƙƙin da bai cika sharuɗɗa ba, ko dukkansa ko wasu da'awoyi daga ciki. Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumi, kuma tana da reshe a Kaduna da Kano. Dokar ta yarda alƙali ya zauna da masu ba da shawara biyu da suka ƙware a fannin fasaha ko tattalin arziki, abin da ke da amfani a shari'ar da za a yi ta ambaton sunayen sinadarai. Da yake hukunce-hukuncen gida a kan wannan sharaɗi ba su da yawa, lauyoyi kan jingina da na Ingila da sauran ƙasashe, waɗanda kotun Najeriya ke iya dubawa don ƙarin haske ba tare da sun zame mata dole ba.

Wannan tsari yana da sauƙi da araha, amma yana da illa da ba a cika faɗa ba. Ana yawan ɗaukar takardar haƙƙi a matsayin shaidar cewa an gwada abin an same shi da hikima, har ana ƙirga ta cikin nasarorin cibiyoyin bincike. A gaskiya takardar shaida ce kawai ta cewa an cika fom daidai.

Yadda ake aunawa a wasu ƙasashe

Tushen sharaɗin a Amurka shi ne shari'ar Hotchkiss da Greenwood ta 1851, a kan mariƙin ƙofa da aka yi da yumɓu ko tangaran maimakon itace ko ƙarfe. Kotun Ƙoli ta ce sauya kayan da aka yi abu da shi kawai aikin gwanin makaniki ne, bai kai ƙirƙira ba. An shigar da sharaɗin cikin doka a 1952, sannan a shari'ar Graham da John Deere ta 1966 kotun ta tsara matakan: a gano iyakar ilimin da ya gabata, a fitar da bambancinsa da da'awar, a tantance matakin ƙwarewar mai sana'a na tsaka-tsaki, sannan a duba alamun waje irin su karɓuwa a kasuwa, daɗewar buƙata ba tare da mafita ba, da gazawar waɗanda suka gwada a baya. A 2007, a shari'ar KSR da Teleflex, kotun ta ƙara sauƙaƙa wa masu ƙalubale. Ta ce haɗa sanannun abubuwa ta sananniyar hanya, in bai haifar da abin da ya wuce tsammani ba, a fili yake, haka ma zaɓa daga cikin 'yan hanyoyi ƙididdigaggu waɗanda ake iya hasashen sakamakonsu.

Kotunan Ingila na bin matakan da aka shimfiɗa a shari'ar Windsurfing ta 1985, aka gyara su a ta Pozzoli a 2007. Ofishin haƙƙin ƙirƙira na Turai da ke Munik yana da tasa hanyar, wadda ta fi dacewa da harkar sinadarai. Ana zaɓar takarda ɗaya da ta fi kusa da da'awar, a duba wane amfani bambancin ya kawo, daga nan a tsara matsalar da ƙirƙirar ta warware, sai a tambaya ko masani zai kai ga wannan mafita. Ofishin yana bambanta tsakanin abin da masani zai iya yi da abin da lalle zai yi. Kowa zai iya zuba kowane gari a cikin rezin. Abin nema shi ne ko akwai abin da zai tura shi ga wannan garin musamman.

Mai sana'a na tsaka-tsaki da ake ta ambato mutum ne na ƙaddarawa. An ɗauka ya karanta duk abin da aka wallafa a fanninsa, yana iya gwaje-gwajen yau da kullum, amma ba shi da basirar ƙago sabon abu. A fannin gam ana kwatanta shi da masanin kimiyyar sinadarai mai 'yan shekaru yana haɗa gam a masana'anta.

Gardamar da ta fi tasowa

Ta farko ita ce ta gwargwado. Akwai ma'aunan da lissafi ne kawai ke fitar da su. Rezin mai ruwa-ruwa na bisfinol A yana da zoben efoksi mol ɗaya a kusan kowane giram 190. Sinadarin daskararwa da ake taƙaita sunansa da TETA yana da nauyin giram 146 a mol da guraben kamu 6, wato kusan giram 24 ga kowane gurbi. Duk ɗalibin fannin zai lissafa ya ga ana buƙatar kusan giram 13 nasa ga giram 100 na rezin. Wanda ya zo da da'awa a kan wannan gwargwado bai zo da komai ba. Ko inda lissafi bai isa ba, kotunan Amurka sun daɗe da cewa laluben ma'auni mafi kyau ta hanyar gwaji na yau da kullum ba hikima ba ne. A shari'ar Aller ta 1955 tsohuwar hanya tana aiki da zafin digiri 100 da asid kashi 10 cikin ɗari, mai nema ya zo da digiri 40 zuwa 80 da asid kashi 25 zuwa 70, aka ƙi shi. A shari'ar Peterson ta 2003 an tabbatar da cewa idan iyakar da aka nema ta faɗa cikin wata tsohuwar iyaka mai faɗi, ko ta ɗan shiga cikinta, ana fara ɗaukar ta a matsayin abin da ke a fili, sai mai nema ya kawo hujjar akasin haka. Hujjar da ake karɓa ita ce a nuna cewa wani abu na daban yana faruwa a cikin iyakar, wanda ba ya faruwa a ƙasa da ita ko sama da ita. Wannan yana buƙatar gwaji a ciki da kuma wajen iyakar, kusa da bakinta.

Ta biyu ita ce musanya. A cire amin ɗaya a sa ɗan'uwansa, ko a cire garin alli a sa farar ƙasa. Idan an san duka biyun suna aiki iri ɗaya, musanyar jikar mariƙin ƙofar Hotchkiss ce. Haka kuma haɗa abubuwa biyu da aka san kowannensu da aiki guda: a shari'ar Kerkhoven ta 1980, wadda ta shafi garin sabulu, an ce tunanin haɗa su yana biyowa kai tsaye daga sanin kowanne. Mai haɗa roba iri biyu don rage gautsi zai fuskanci wannan hujja. Mafitarsa ita ce ya nuna sun yi aikin da ya zarce jimlarsu. A misali, in roba ta farko ta ƙara juriya da maki 2, ta biyu da maki 3, haɗinsu ya ba da 5, tarawa ce kawai. In ya ba da 9 to akwai magana.

Ta uku ita ce cewa tsohon ilimi ya kawar da hankalin masana daga hanyar da mai nema ya bi. A nan akwai shari'ar da ta shafi efoksi kai tsaye, ta Gurley, wadda kotun ɗaukaka ƙara mai kula da haƙƙin ƙirƙira a Amurka ta yanke a 1994. Gurley ya nemi haƙƙi a kan allon da'irar lantarki mai lanƙwasuwa da aka jiƙa da efoksi. Wata tsohuwar takarda, ta Yamaguchi, ta yi bayanin irin wannan allo da wani rezin daban, ta kuma ambaci cewa an san ana amfani da efoksi, yana da ɗan sauƙin lanƙwasa, amma bai kai wancan rezin kyau ba. Gurley ya ce wannan hani ne, shi kuma ya saɓa wa hanin. Kotu ba ta yarda ba. Ta ce sanannen haɗi ba ya zama abin ba wa haƙƙi don kawai an taɓa siffanta shi da cewa ya ɗan gaza wani, kuma Gurley bai nuna ya gano wani abu da ba a sani ba game da efoksin. Akasin wannan ita ce shari'ar Adams ta 1966 a kan batir mai aiki da ruwa, inda ilimin lokacin ya nuna irin wannan haɗi ba zai yi aiki ba, masana suka ƙi gaskatawa, amma batirin ya yi aiki, aka tabbatar masa da haƙƙinsa.

Inda mai haɗa gam ya fi samun nasara shi ne wurin da sana'ar ta san cewa gyara ɗaya yana ɓata ɗaya. An san cewa ƙara roba yana rage gautsi amma yakan rage ƙarfi da juriyar zafi. An san cewa gam mai kwano ɗaya, wanda aka riga aka zuba masa sinadarin daskararwa mai jiran zafi kamar disayandayamaid, in aka sa shi ya riƙa daskarewa a ƙaramin zafi to ba ya daɗewa a ajiye. Haɗin da ya gyara ɓangarorin biyu lokaci guda ya saɓa wa tsammani, kuma wannan ne ainihin abin da sharaɗin ke nema.

Nauyin hujja

Faɗa da baki cewa gam ya fi ƙarfi ba ya wadatarwa. Ana son alƙaluma daga gwaji sananne, irin gwajin jan ƙarafa biyu da aka manne na ASTM D1002 ko ISO 4587, kuma a kwatanta da haɗin da ya fi kusa a tsohon ilimi, ana sauya abu ɗaya tak. Kuskuren da aka fi yi shi ne kwatanta sabon haɗi da rezin tsura marar ciko. Wannan yana nuna ciko na da amfani, abin da kowa ya sani, bai nuna wannan cikon ya fi waɗanda aka saba ba.

Dole kuma hujjar ta yi daidai da faɗin da'awa. Wanda ya gwada amin ɗaya ya nemi haƙƙi a kan dangin amin duka ya buɗe wa kansa ƙofar ƙalubale. A hukuncin AgrEvo na 1995, hukumar ɗaukaka ƙara ta ofishin Turai ta ce idan ba a gamsu cewa amfanin da aka faɗa yana samuwa a duk faɗin da'awar ba, ba za a lissafa shi ba. Sai matsalar ta koma samar da wani haɗi kawai, kuma zaɓar kowane haɗi da ka daga cikin sanannu ba hikima ba ne. A 2023 babbar hukumar ɗaukaka ƙara ta ofishin, a hukunci mai lamba G 2/21, ta yarda a kawo sakamakon gwaji bayan ranar nema, muddin amfanin da ake son tabbatarwa yana cikin abin da takardar asali ta koyar.

Akwai haɗarin da ke ɗaya ɓangaren. Bayan an ga amsa komai yakan yi kama da mai sauƙi, kuma mai ƙalubale yana iya tsinto gutsattsari daga takardu biyar ya jera su bisa taswirar da mai ƙirƙira ya zana. Duk tsare-tsaren da aka ambata suna gargaɗin alƙali a kan wannan, shi ya sa ake neman dalilin haɗawa wanda yake nan tun kafin ranar nema.

Zariya da kayan gida

Batun ya shafi Zariya saboda cibiyoyin da ke cikinta. Akwai Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, mai sassan koyar da injiniyancin sinadarai da na roba da saƙa. Akwai Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai ta Ƙasa, NARICT, a Basawa, da cibiyar fasahar fata ta NILEST a Samaru. Bincike a irin waɗannan wurare yakan karkata ga maye gurbin kayan waje da na gida: farar ƙasar Ƙanƙara ta Jihar Katsina, tokar ƙaiƙayin shinkafa mai yawan silika, man tsirrai, da sauransu. Hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979, tana taimaka wa masu bincike wajen shigar da takardun neman haƙƙi.

Aikin yana da amfani ga tattalin arziki, amma ta fuskar doka yana tsaye ne daidai inda sharaɗin hikima ya fi tsauri. Farar ƙasa sananniyar ciko ce a efoksi, kuma fitowarta daga Ƙanƙara bai mayar da ita sabon sinadari ba. Man ɓawon kashu ma an daɗe ana yin sinadarin daskarar da efoksi da shi ana sayarwa a duniya. Arha da samuwa a kusa dalilai ne da za su sa kowane masani ya gwada, don haka sun fi zama hujjar mai ƙalubale. Abin da zai iya tsayawa a kotu shi ne wani takamaiman sarrafawa, kamar gasa ƙasar a wani zafi ko wanke ta da wani sinadari, wanda aka nuna da alƙaluma cewa ya ba da abin da farar ƙasar da aka saba ba ta bayarwa.

Sanin gargajiya ma yana cikin lissafi, tunda dokar ta haɗa da abin da aka bayyana da baki ko ta amfani. Magina a birnin Zariya sun daɗe suna shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don kare gini daga ruwa, majema kuma suna jima da bagaruwa. Wanda ya zuba ruwan makuba a gam ya ce ya ƙara masa juriyar damshi zai iya fuskantar hujjar cewa wannan hali nata sananne ne a gari. Zai iya amsawa da cewa ginin ƙasa da gam ɗin efoksi sana'o'i ne mabambanta, kuma babu abin da zai sa mai haɗa gam ya leƙa wurin magina. Wanne zai rinjaya ya danganta ga shaidar masana.

Gwaji a bainar jama'a shi ma tarko ne. A ɗauka mai bincike ya kai gam ɗinsa ga wani kafinta ko makanike a Ƙofar Kibo ya ce ya riƙa aiki da shi ya ga ƙwarinsa, ba tare da yarjejeniyar sirri ba, har ya gaya masa abin da ke ciki. Daga ranar, haɗin ya shiga ilimin jama'a. In ya dawo bayan shekara ya ɗan gyara gwargwado ya shigar da takarda, da nasa tsohon haɗin za a auna sabon, kuma ɗan gyaran da wuya ya tsallake.

Ƙetare iyaka

Haƙƙin da aka bayar a Abuja ba ya aiki a Maraɗi ko Damagaram. Jamhuriyar Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17 da hedikwata a Yawunde, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977, inda takarda ɗaya ke aiki a duk ƙasashen. Najeriya ba ta cikinta. Mai nema daga Najeriya yana da watanni 12 daga ranar shigarwarsa ta farko ya nema a wasu ƙasashe bisa yarjejeniyar Faris, ko ya bi ta yarjejeniyar haɗin gwiwa ta PCT wadda Najeriya ta shiga a 2005.

Ta hanyar PCT ne ɗan Najeriya ya fi samun ra'ayin mai bincike na gaske a kan hikimar abin da ya haɗa. Rahoton binciken ƙasa da ƙasa yana jera tsofaffin takardun da aka samu, kowace da harafi a gefenta. Harafin X yana nufin takardar ita kaɗai ta isa ta kayar da da'awar. Harafin Y yana nufin za ta kayar da ita idan aka haɗa ta da wata. Harafin A yana nufin takardar ta shafi fannin ne kawai. Ra'ayin bai zama dole a kan kowace ƙasa ba, amma yana ba mai nema damar ƙuntata da'awarsa zuwa abin da gwajinsa ya tabbatar kafin ya kashe kuɗin nema ƙasa-ƙasa, wanda a yawancin ƙasashe wa'adinsa watanni 30 ne daga ranar nema ta farko. Rumbunan Patentscope da Espacenet, inda ake iya karanta waɗannan rahotanni da tsofaffin takardun efoksi, kyauta ne a intanet.